Numfashin Tanki

Da asuba ba ta gardama,
a-kori-kurar da Baba ya bar mini,
Fijo ce, ta girme ni da shekara shida.
In labta mata kabeji da dankali a Bokkos,
ta ɗauka, ba ta ce uffan ba.
Sai mun baro Barikin Ladi, hanya ta miƙe,
ta fara tari, ta kama shaƙuwa,
in taka totur, ƙafata ta nutse a banza,
ta gangara gefen titi ta yi tsit
kamar wadda aka gaya wa baƙar magana.

In zauna. In ɓare gyaɗa. Minti goma.
In murɗa makulli, ta tashi garau
kamar ba ita ba.

Na farko ya ce filogi ne. Na saya.
Na biyu, a Bukuru, har da rantsuwa:
famfon mai ne ya gaji.
Na ranto kuɗi wurin ƙanwata Talatu,
sabon famfo ya zauna cikin tsohon inji
yana ƙyalli kamar haƙorin Makka.
Washegari ta mutu a Mararrabar Jama'a,
kabeji na yaushi a bayana,
dillalan Farin Gada sun gama ciniki ba ni.

Sai aka ce in je Daɗin Kowa,
gindin mangwaro, in tambayi Baba Davou.

Bai ɗaga bonet ba. Ni ya fara kwancewa.
Da sanyi take yi ko in ta ɗau zafi?
A hawa, ko a shimfiɗe?
Tanki cike, ko rabi?
Gidan mai kake sha ko wurin 'yan bumburutu?

Sannan ya bi mai, daga baki zuwa ciki.
Ya zare tiyo ya cusa a kwalba: "Murɗa!"
Fetur ya tsarto da ƙarfinsa.
"Famfo lafiya. Ina tsohon?"
Na kalli takalmina.
Ya ɗaga filta saitin rana, ya hura,
ɗan tsatsa ne, bai isa kashe mota ba.
Ya buɗe kafireto, ya wanke, ya mayar.
Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi,
yatsansa na bin bututu taƙi-taƙi,
babu tsaga, babu lanƙwasa, babu yoyo.

Ya fito yana goge hannu a gwiwa.
"Muje. Ina so ta mutu a gabana."

Dab da Kuru ta cika masa buri.
Na nufi gaba, shi ya nufi baya,
ya tsaya a bakin tanki, ya daɗe yana kallo.
Marfin ya ɓace tun daminar bara,
ni na naɗe wurin da leda ninki huɗu,
na ɗaure tamau da robar tayar keke
don kada ko ɗigon ruwa ya shiga.
Har yabon kaina na yi ranar.

Ya sa reza ya tsaga.
Fuuuu.
Tanki ya ja iska, dogon ja,
kamar yaron da ya ɓullo daga tafkin kuza
bayan kowa ya fara salati.

"Mai ba ya fita inda iska ba ta shiga.
Wata nawa kana shaƙe ta,
tana suma, tana farfaɗowa, tana kai ka gida?"

Ya tono marfi cikin tarkacen wata matacciyar Fijo,
ya nuna mini ɗan hujinsa, bai kai idon allura ba.
Kuɗin aiki: kabeji biyu, ya zaɓa da kansa,
ya matsa, ya mayar da ɗaya, ya canza.

Har yau Talatu ta ɗauka famfonta ne ya yi magani.
Saura dubu huɗu in gama biyanta.