Ƙirga Talatin

Kawu Nalado ba ya ajiye kwanso a ƙasa.
A Dilimi, in Agusta ta kama,
bango kan yi gumi kamar randa,
gishiri ya dunƙule a kwalba,
ashana sai an ɗumama ta a hammata kafin ta yarda.
Shi ya sa gwangwanin madarar nan
yake can saman kabad, ba kusa da murhu ba, ba kusa da taga ba,
da ƙullin ɗanyar shinkafa a ciki yana shan laima,
da kwanan wata a jikin murfi
cikin ajaminsa mai karkata kamar dawa bayan iska.

Jajayen kwansuna ne, ba albarushi, ba dalma,
sai 'yar cibiyar tagulla a gindi.
Na ce, Kawu, ai fanko ne.
Ya ce, fankon da aka sa wa cibiya ya riga ya ɗauki alkawari.
Kada ka girgiza shi.
Kada ka haɗa masa ɗaki da albarushi,
kowa da makwancinsa, sai ranar aiki.

Ranar aiki ta zo daga gindin Shere.
Davou ne ya aiko: birai sun mai da masararsa gadon ubansu.
Muka tafi da asuba, raɓa har gwiwa,
lasisi a aljihun gaba cikin leda,
ni da gorar shayi, shi da mai baki biyu.

Babbansu na kan dutse yana ɓare zangarniya
kamar mai gida a ƙofar gidansa.
Kawu ya ɗora, ya ja kunama.

Ƙas.

Shi ke nan. Ƙas, kamar an karya tsinken sakace.
Davou ya miƙo hannu, bari in duba,
Kawu bai juyo ba, bai sauke ba, bai buɗe ba,
ta gefen baki ya ce da ni, ƙirga.

Ɗaya. Biyu.
Na ji ruwa yana bin tsagin dutse.
Biyar. Birin ya jefar da totuwa,
ya sosa ciki, ya sauka ta baya abinsa.
Bakwai. Hannun Kawu ya fara rawa,
bakin bindiga na kallon wurin da ba kowa.
Takwas.

A tara ta tashi.
Dutse ya amsa, wani dutsen ya karɓa,
hankaki suka watse kamar an zubar da gawayi.
Davou ya dubi tafin hannunsa,
ya daɗe yana duba shi,
sai ya cusa shi a aljihu.

Ba wanda ya yi magana har bakin titi.
Can Kawu ya ce, na damina ne, laifina ne,
na bar murfin a buɗe ranar sunan Talatu.
Wanda ya yi shiru bai mutu ba, yaro,
tunani yake yi.

Yanzu yana ta rufe masa ido ɗaya.
Da ƙafarsa ya kai bindigar caji ofis,
ya karɓo takarda, ya ninke ta huɗu.
Gwangwanin na nan, maɓallai ne a ciki da allurai,
sai dai har yau ba ya yarda a sauko da shi ƙasa.

Ni kuwa ina da teburin gyaran waya a Taminus.
Shekaranjiya wani ya zagi uwata a kan canji,
kasuwa ta yi tsit, ido ya taru,
na ji ƙas a ƙirjina.
Na kau da fuska wajen da ba kowa.
Sai a sha bakwai ta tashi,
tari ne kawai ya fito.
Na ci gaba har talatin, don haka aka koya min,
sannan na miƙa masa naira ɗari biyunsa.