Ganga Ta Goma Sha Ɗaya

Kafin wuta ta taɓa ƙarfe a shagon nan
sai alli ya taɓa bango.
Ko mai kaya na tsaye yana duba agogo,
ya duba.

Panteka ta farka tun asuba.
Guduma na gardama da guduma,
janareta na tari a bayan rumfar Barau,
mai koko ta girka bokitinta a kan mataccen injin Fijo.
Ni kuwa ina tsaga bangon langa-langa gida uku:
matakin aiki,
abin da ke cizo a cikinsa,
da yadda za a cire masa haƙori.

Yara na ƙunshe dariya,
wai Oga Jatau ya buɗe makaranta.
Da kunnen dama na ji su.
Na hagu na baro shi tun wata Laraba,
ranar da Ishaku ya ɗora injin yanka
a kan gangar da duk muka ce fanko ce.

Goma mun yanka lafiya lau.
Mun fitar da murhu, mun fitar da kaskon tuya.
Ta goma sha ɗaya shuɗiya ce kamar 'yan'uwanta,
sai dai numfashin fetur ya kwana a cikinta
yana jiran tartsatsi guda.

Ban ji ƙarar ba, labarinta aka ba ni.
Abin da na gani da idona
silifas ɗinsa ne, ƙafa ɗaya,
a kan rufin shagon maƙwabci.

Aka ce ƙaddara. Na ce haka ne.
Amma na kwana arba'in ina tambayar silin:
wa ya hana mu buɗe murfi?

Yau ma ganga ce. Tukur, matso.
Da me za ka fara?
Ya ce, mirginowa.
Me ke cizo a nan?
Ya ce, yatsun ƙafa, da ƙugu.
To?
Mutum biyu, da rufaffen takalmi.
Rubuta.

Sai murfi, a kwance shi a hankali, ban da duka.
Sai tambaya, me ta ɗauko, daga ina?
In mai ita ya fara inda-inda
a ɗora masa abarsa a baro, a rabu lafiya.
Haɗarin da ya fita ta ƙofa
ba ya buƙatar safar hannu.
In ta zauna, a wanke ta, a sake wankewa,
a ɗura mata ruwa har wuya.
A bi waya da ido, taku-taku,
inda ɓera ya ɗanɗana ba a rufe shi da leda.
Tabarau da safa su ne autan layi.
Wanda rufinsa ke yoyo
rufi yake gyarawa kafin ya sayi lema.

Na ajiye alli, na ce an gama.
Tukur bai motsa ba.
Ya ce, Oga, saura ɗaya.
Ya nuna inda tartsatsi zai zuba.
Can kuwa jarkar man janareta ce
a jingine, bakinta toshe da tsumma,
ɗan mai koko na wasa da marfin kwalba a gefenta.

Shekara tara ina jan layin nan,
ban gan ta ba.

Na miƙa masa allin.
Rubutunsa a karkace, kamar sawun kaza a laka,
ya haura layi, ya ci gidan da ba nasa ba.
Ban goge ba.

Mai kaya ya ce mun cinye masa minti ashirin.
Na juya masa kunnen hagu.