Jinin Tumatir

A bayan tashar Ƙauran Namoda,
inda dogo ya gaji ya kwanta cikin ciyawa,
nan rumfar Jaɓɓi take:
zana huɗu, benci shida, labulen buhun taki,
da janareto mai tarin tsofaffi.
In ba ka da kuɗin shiga
ka ɗebo masa ruwa jarka biyu, ya kau da kai.

Can na fara ganin fatalwa.
Zanin gado ne aka huda wa idanu,
ga silifas yana leƙe ta ƙasa,
ɗaya ma ya tsinke, an ɗaure da waya.
Duk da haka Nomau ya ƙanƙame hannuna,
ya ce, "Wallahi ni take kallo!"
Da aka sare kan mai gadi
kabewa ce ta gangaro.
Muka yi ihu, rabi tsoro, rabi shewa,
har Jaɓɓi ya rantse zai zare waya.

Laraba ranar kaboyi ce.
Gari guda, gida uku, duk fuska ba ƙeya,
iska na kaɗawa banki ya hau rawa.
Doki ɗaya suka mallaka, mai farin goshi:
jarumi ya hau, ɓarawo ya hau,
shi dai ko a jikinsa.
Mai gemun da aka harbe tun farko,
can ga shi yana goge kofi a shago,
hula kawai ya sake.
Ba ma jin Turancin. Labbo ke fassara,
shi ma ba ji yake ba,
amma mai hula na motsa baki sai ya ce,
"Cewa ya yi, ina bashin gorona?"
Sai tau! An biya.

Malam Anaruwa ya ce shirme ne,
akwai na miliyoyi, in na girma zan gani.
Na girma, na gani.
Sumul suke, kamar tangaran da ba a ci a ciki.
Ni bar ni da tukunyar ƙasa
da yatsan maginiya ya fito a gefenta.
Wani ya sayar da kekensa, ina zato,
ya tara abokai, ya ari zanin uwarsa,
ya ce yau sai mun tsorata duniya.
Mu dai a Ƙaura
kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Yanzu mun san ƙarar ta gaske.
Ba ta zuwa da kiɗa,
ba ta jiran a tsaya a dubi juna.
A kan babur take zuwa, kafin asuba.
Jinin ma ba ja yake haka ba,
yana yin duhu, ƙuda na bi.
Nomau ya tafi gona bara waccan.
Na duba kowane shago,
bai fito da wata hula ba.

Shi ya sa jiya na koma.
Ɗan Jaɓɓi ke riƙe da rumfar yanzu.
Aka harbi wani, ya faɗi a rairayi,
tumatir har wuya.
Na ce, yaro, mai da shi baya kaɗan.
Tsaya nan.
Dubi cikinsa da kyau.
Ka gani? Yana numfashi.