Abin da Ke Tsagar Dutse

Ni aikina ɗaukar kaya ne:
allo biyu, igiya, da tsofaffin jaridu.
Ina bin Malama Rifkatu hawan duwatsun bayan Zawan,
ina danne ganye tsakanin labaran bara.
Shekara tara ke nan,
ban taɓa tambayar ganye ko ya yarda ba.

Ranar wata Laraba ruwan Agusta ya ɗan ɗauke,
muka iske ta a tsagar dutse,
inda ƙasar ba ta cika cokali ba.
Tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba.
Kara ja kamar ƙafar tantabara,
furanni ƙanana, fari-fari, a dunƙule,
sun haɗa kai kamar masu raɗa a bakin rijiya.
Malama ta durƙusa, ta kai madubi ido,
ta buɗe littafi, ta rufe littafi,
ta ce, "Jatau, wannan ba ta cikin namu."

Sai ga Ngo Chundung ta gangaro da itace a ka.
Ta dube mu, ta dubi motar da muka bari a ƙasa,
ta yi dariya har itacen ya girgiza.
"Man fetur kuka ƙona
don abin da akuya ke tsallakewa?
Shekarar da fara ta cinye mana acca
uwata ta wuni a nan da ƙoƙo,
tana kakkaɓe kan wannan 'yar.
Daga hantsi har faɗuwar rana, tafin hannu ɗaya.
Kunun da ɗaci.
Mun sha. Ga ni."
Ta murza furen da ya bushe, ta hura,
ƙwaya ta rage a tafinta,
mai kusurwa uku, baƙa wuluk kamar kuzar da aka wanke.

Da magariba na tsaya shan shayi a Farin Gada,
jaridar na cinyata, na ɗaga gefenta in duba.
Agali ya ajiye buta, ya leƙo,
ya daɗe bai ce komai ba.
"Muna da yayarta," in ji shi, "can gaba da Agadas.
Toka-toka ce, ta kwanta da ciki a kan tsakuwa.
Irinta kan yi shekara uku a ƙarƙashin rairayi
yana sauraron ruwa ɗaya.
Taku sanyi take sha, tamu ƙishi,
amma taɓa bayan ganyen ka ji."
Na taɓa. Gashi ne, laushi kamar kunnen ɗan rago.
Ya ce, "Wanda ya zauna inda ba a gayyace shi ba
da bargonsa yake zuwa."

Na saci ƙwaya bakwai a kwalin ashana.
Na ba su wuri mai kyau a bayan ɗakina,
kusa da masarata mai yawan kuka,
wadda ba ta miƙewa sai ta ga buhun taki.
Na zuba kashin kaji, na yi ban ruwa safe da yamma,
na kore kajin maƙwabta da jifa.
Ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Yanzu tana ofis, a aljihun tebur na sha huɗu,
an manne ta a farar takarda,
jan karan ya koma ruwan ƙasa.
An rubuta rana, an rubuta tsayin dutsen,
an rubuta sunan Malama, nawa a ƙarƙashi da fensir.
Layin sunanta har yau fili ne.
Ngo Chundung ta faɗi yadda suke kiranta,
iska ce ta yi yawa a kan dutsen,
ni kuma ina fama da igiya.

Jiya matata na shara ta ƙwala mini kira.
A jikin katanga, inda siminti ya dare,
wajen da nake zazzage aljihuna in na dawo,
wani jan abu ya fito, bai kai farce ba.
Ta ce, "In tuge?"
Na ce ta bar tsintsiyar tukuna,
na koma ɗaki neman tabarau.