Talatin

A Porto, kan titin da ke gangarawa kogi,
an cire allon hamsin, an kafa na talatin.
Na ja tsaki. Shekara ashirin ina jan tasi,
yau a ce in koma tafiyar hawainiya?

Ran Laraba, ana yayyafi,
Graciete mai burodi ta ɓullo daga lungu,
kekenta ya zame a kan ƙarfen dogo.
Na taka birki.
Mota ta ji magana.
Tsakanin tayata da kanta, taƙi ɗaya.

Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa,
ta zage ni tas, har da kakata.
Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Burodi biyu sun mirgina cikin kwata.
Su kaɗai muka rasa.