Biyu Bisa Goma

Shekara talatin da biyar ina zana Kwara a allo,
layi guda, shuɗi in an samu shuɗin alli,
fari in ba a samu ba.
Daga kusurwar sama take gangarowa,
ta ratsa Yawuri, ta faɗa inda allon ya tsage.
Da an kaɗa ƙararrawa sai in share kogin da tsumma,
tsumman bai taɓa jiƙewa ba.

Ran da garatuti ya fito
uwargida ta ce a rufa wa ɗakin baya kwano,
ƙanena ya ce shanu, shanu ba sa cin amana.
Na rufa kwanon. Da ragowar na sayi kyamara
wajen wani mai ɗaukar biki a Jega da ya gaji da ita.
Aka ce Malam ya tsufa da wasa.
Na ce ku bar ni in je in gaida abin da na yi ta koyarwa,
ba mu taɓa haɗuwa ba.

Mai jirgin da aka haɗa ni da shi a bakin ruwa
ya ajiye buhun albasa, ya rusuna.
Arzika ne.
Aji uku, bencin baya, jikin taga,
wanda ya zana mini kogi da rassa kamar saiwar tsamiya,
na ba shi biyu bisa goma,
na rubuta da jan biro: kogi ba itace ba ne.

Bai tuna mini ba.
Ya dai ja igiyar inji, muka bar hayaƙin masu banda a baya.
Kafin hantsi ya ce, Malam, riƙe injinka da kyau,
nan ruwa ya rabu uku.
Na ƙirga. Uku ne.
Bayan wani gungu ya koma biyar,
kowane da sunansa, kowane da halinsa:
wannan na dorina ne, ba a yi masa hayaniya,
wancan yana ba da giwan ruwa in kaka ta yi.
Na sunkuyar da kai kamar mai gyara madubin kyamara.

A tsakiyar fili, babu gaci babu ciyawa,
ya kashe inji.
Ya ce, mun iso garinmu.
Nan ƙarƙashinmu aka yanke wa ubana cibi,
masallaci na hannun dama, turmin kakata ba a ɗauko ba.
Ni da na koyar da madatsar nan sau ba adadi,
shekarar gini, tsawon bango, ƙarfin wuta,
ban taɓa tambayar wa ya kwashe tabarmarsa ba.

Minti goma sha ɗaya na ɗauki ruwa.
Ruwa kawai, da bugun cikin jirgi,
da tarin Arzika sau ɗaya.

Da dare jikata Shafa'atu, mai haɗa mini hotuna a kwamfuta,
ta ce, Kaka, nan babu komai, in yanke?
Na ce bar shi.
Ta ce to me za ka faɗa a kai?
Na buɗe baki irin na gaban aji,
maganar ta ƙi fitowa.
Washegari na kai wa Arzika makirfo har gida.

Mun haska shi a bangon makarantar, da janareta.
Yara sun yi shiru yadda ban taɓa samu da bulala ba.
Na laluba aljihu, babu jan biro,
kuma wa ya san inda takardar nan take.

Mako mai zuwa sai Zuru.
Duwatsunta ma da alli na san su,
kusurwa uku-uku, a jere,
kamar haƙoran zarto.