Almakashin Uwata

Ƙarshen Fabrairu a Karlovo, ƙanƙara ta saki ƙasa.
Na tsaya gaban wardin da uwata ta bari,
almakashinta a hannuna, kamar mai jiran izini.
Reshe guda na taɓa, na fasa.

Radka ta leƙo ta kan shinge,
hannunta duk garin fulawa.
"Zahari, tausayinka ne zai kashe shi.
Ƙirga ido uku daga gindi, ka datse a karkace,
don ruwa ya zame, kada ya kwana a kan ciwon."

Na datse. Abin da ya rage
bai fi yatsu biyar ba, baƙaƙe, a tsaye.
Daren nan miya ta huce a gabana.

Maris ya wuce bai ce uffan ba.
Na tone gindi, na zuba takin tumaki,
ƙaya ta yi mini rubutu a bayan hannu.
Afrilu ya zo da ƙwari koraye, ƙanana kamar riɗi,
na bi su da ruwan sabulu, ganye bayan ganye,
ina zaginsu ƙasa-ƙasa kada Radka ta ji.

Yau ashirin ga Mayu.
Rana ba ta kai ga taɓa duwatsun Balkan ba
fure ɗaya ya buɗe,
a reshen da na fi yi wa rashin imani.
Ƙamshin ya tare ni tun a bakin ƙofa.

Na miƙa hannu zan tsinko mata,
sai muryarta daga bayan shinge:
"Bar shi. Daga nan ma ina ji."